Hannun Iya a Cikin Safa

Shekara tara Hansatu tana wasan kwamfuta na neman tsira a wani tsibiri, har ya gundure ta. Ranar Talata kamfanin wasan ya ƙara sabuwar sana'a, ginin tukunya. Ta sa safar wasan, safar ta shiga juya mata yatsu.

Tana gama tukunyar, babban yatsanta da kansa ya danna bakin sau uku.

"Yaya Ladi, wa ke wannan alamar?" ta tambayi yayarta.

Ladi ta leƙo allon. "Iya mana. Sun ɗauki motsin hannunta kafin ta rasu. Kullum tana kiranki ki koya, kina cewa sai kin gama wasa."

Hansatu ta cire safar, ta shinshina yatsunta. Ko ƙanshin yumɓu babu.