Sifana Mai Giɓi

Tsoho ya taka birkin, ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka katifa. Ya ɗaga, ya sake takawa, ya sake, sannan abin ya ɗan yi tauri. Da ya danne ya riƙe, sai ya ji yana sulalewa a hankali ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

Akori-kurar ta surukinsa ce, Dogo, mijin autarsa. Tsohuwar mota ce da tsatsa ta gama ci, da ita Dogo ke hawa tudun da ake fasa dutse kullum da rana, ya gangaro da lodin tsakuwa. Bai tashi kawo ta ba sai da garejin Tsoho ya cika da mutane. Ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga murya.

"Baba, a duba mini birkin nan. Wallahi ban yarda da hannun kowa ba sai naku."

Jama'a suna ta gyaɗa kai, wai ga surukin kirki. Kirki fa! Tsoho ya tsani mutumin nan, ko ruwa ya miƙo masa sai ya ji ɗaci. Mutumin da ke alfahari wai bai iya bambanta sifana da cokali ba, amma dubi hannun rigarsa, duk tabon mai. Ƙazami. Tsoho ya ture wani ɗan matashin jingina da ke gefen kujerar direba, ya yi tsaki. Ƙato kamar wannan, me zai yi da matashi?

Ya buɗe bonet. Man birki ya sauka ƙasa da rabi. Shi kuwa man birki ba ya ƙonewa, ba ya tashi sama. In ya ragu, to akwai inda yake bi. Ya shafa masta, wadda ke tura man zuwa tayoyi, a bushe take ƙayau. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta, ya shige ƙarƙashin motar yana bin bututun da yatsa. Tayoyin gaba lafiya lau. A bayan tayar baya ta hagu ne yatsansa ya ji danshi.

Ɗan notin da ake kwancewa a fitar da iskar birki ne. An sassauta shi kaɗan, daidai yadda duk takawa zai zubar da ɗigo guda. A cikin gari birki zai yi ta kamawa, ba wanda zai ankara. Sai mota ta ɗauko lodi ta kama doguwar gangara, nan ƙafa za ta nemi birki ta rasa. Kuma ba tsufa ba ne. Tsufa ba ya kwance noti mai tsatsa, ƙara ɗaure shi yake yi.

Ya haska fitila. Ya ƙura wa notin ido.

A jikin notin akwai sabon cizo, ɗan tabo karkatacce. Sifana ɗaya ce tak ke barin wannan tabo, tasa, mai giɓi a baki, wadda ta tsufa a hannunsa. Shekaranjiya Auta ta zo ta are ta, wai notin gadonsu ya kwance. Ta yi maganar tana rufe baki da mayafi, don ita ma yanzu giɓi gare ta. Wai ƙofa ce ta buge ta. Bara ma ƙofar ce ta karya mata hannu. Duk zuwan da ta yi da kuka, shi da bakinsa ya ce ta yi haƙuri, ya ɗauki jakarta ya mayar da ita.

Ashe tura ta kai bango.

Yana kwance a nan, yana kallon takalman Dogo suna kai da komo a gefen motar, yana jin dariyarsa da mutane. Juyi ɗaya ya isa ya ɗaure notin. Ya ɗora wata sifana a kai, ya daɗe a haka. Hannunsa ko rawa bai yi ba, abin da ya ba shi tsoro ke nan.

Ya sauke sifanar. Ya goge danshin da tsumma, ya ɗebi baƙin giris ya shafe tabon, don kada gobe wani mai bincike ya gano hannun 'yarsa. Ya fito, ya ƙara mai a kwalbar man birkin, daidai wanda zai kai mota kan tudu, ba wanda zai sauko da ita ba.

"Iska ce ta shiga. Na cire ta," ya ce.

"Kun ji ko?" Dogo ya juya ga mutane. "Baba ya ce ta gyaru. Allah ya ƙara girma, Baba."

Ya tayar da motar ya tafi. Tsoho ya bi hayaƙinta da kallo, ya ce a ransa, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ranar bai iya cin abinci ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana fuskantar titi, duk babur ɗin da ya rage gudu sai ya miƙe, yana zaton mai kawo labari ne. Har ya shirya fuskar da zai yi. Har ya fara tunanin ɗakin da zai share wa Auta.

Rana ta karkata, sai ga wata doguwar inuwa a ƙofar garejin. Dogo ne, a ƙafa, ya sake riga, yana sakace.

"Ina motar?" Tsoho ya tambaya.

"Auta ta hau tudu da ita. Ai na daɗe ina koya mata tuƙi, yau za ta fara gangaro da lodi ita kaɗai. Tana ta jin tsoro, na ce haba, babanki da kansa ya duba birkin, a gaban jama'a."

Ya sa hannu a aljihu, ya durƙusa cikin ladabi, ya ajiye wani ƙarfe a gaban ƙafar Tsoho.

"Ga sifanarku, Baba. Ni na aike ta ta aro mini. Na san duk inda kuka ga cizonta za ku gane."