Alamar da Alƙali Ya Nema

Bugun farko ya fasa wa Delu leɓe. Ta tofar da jini a gindin turmi, ta dafe ƙasa, ta sake ɗago fuska. Na biye ya rufe mata idon hagu. Ba ta kare kanta ba, ba ta gudu ba, ihu kawai take yi, har maƙwabta a Ƙofar Dundaye suka ajiye ƙoƙunan kunu suka kasa kunne.

Ihun ba baƙo ba ne a unguwar. Mijinta Illo majemi ne, duk Sakkwato an san jar fatar akuyarsa ba ta da tabo ko ɗaya. Mutumin da ya san fata haka, ya san yadda zai bugi mutum kar a gani. Yakan naɗe sanda da jiƙaƙƙiyar fata, ya bi haƙarƙari da tafin ƙafa, ya wanke hannu ya tafi majema. Mugu ne, babu wata kara da za a yi masa. Delu takan wuni tana fitsarin jini, jikinta kuwa sumul kamar na amarya.

Ta taɓa kai ƙara tana neman a raba auren. Lokacin Nasara ba su daɗe da cin garin ba, alƙali ya ƙara tsantseni saboda Razdan, babban Baturen mulki, yana bin diddigin hukuncinsa. Aka sa tsofaffin mata suka duba ta, suka ce ba su ga komai ba. Maƙwabta sun ji, amma ba su gani ba. Alƙali ya ce ta koma ɗakinta, in da cuta ta zo da alama. Ranar Illo ya yi mata dukan da ya zubar mata da ciki, shi ma babu alama. Uwarsa Iyatu, wadda kunnenta ɗaya ya mutu tun zamanin uban Illo, ita ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne ɓarin.

Yau kam akwai alama. Delu ta ratsa gari fuska a buɗe, jini yana ɗiga a zanenta, har zauren alƙali. Aka tura dogari ya taso Illo daga majema, hannuwansa duk ruwan bagaruwa.

Aka karanto masa ƙarar, aka ce ya amsa. Illo ya dubi fuskar matarsa, baki a sake.

"Allah shi gafarta Malam, ban taɓa huskatta ba!"

Har dogarin sai da ya yi tsaki. Maƙwabta suka shaida sun ji ihu da sassafe, sun sake ji da hantsi, kuma babu wanda ya lura da fitar Illo. Alƙali ya juya ga Iyatu, ya ɗaga murya ya tambaye ta su wa ke gidan.

"Daga ni sai ita sai ɗana," in ji tsohuwar, hannayenta cikin mayafi. "Ni na haihe shi, ni na san shi. In anka maishe ta gidanga, gawatta za a ɗauko."

Alƙali ya raba auren nan take saboda cutarwa, ya ce ba za ta mayar da sadaki ba, ya sa aka shimfiɗe Illo a ƙofar zaure. Bulala tana sauka yana rantsuwa, har muryarsa ta dushe. Fatarsa dai ta yi tabo.

Iyatu ta raka Delu bakin ƙofar gari, inda hanyar Wamakko ta miƙe zuwa gidan iyayenta. Delu ta durƙusa.

"Na gode, Inna. Ki gafarta mini."

"Tahi, ɗiyata. Kak ki waiwayo."

Tsohuwar ta koma gida ita kaɗai, ta zauna a gindin turmi, ta jawo muciyarta tana wanke jinin tana kuka. Tun da take ba ta taɓa dukan ko akuya ba sai yau, shi ma sai da Delu ta riƙe ƙafafunta ta roƙe ta.