Kambun Mai Yasar Rijiya

Ka ce ka hau sikeli ya nuna ka koma yadda kake, don haka jinya ta ƙare, gobe za ka koma aiki. To zauna ka ji na wani mai yasar rijiya.

Mutumin nan ƙaƙƙarfa ne, irin waɗanda ke shiga rijiya su fito da ƙarfin hannunsu, igiya don cika al'ada kawai ake ɗaura masa. A damtsensa akwai kambu na fata da ya gada wurin mahaifinsa, ya kama naman tam, ko yatsa ba ya shiga. Sai ciwo ya kwantar da shi damina guda, ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa. Da ya samu sauƙi matarsa ta tasa shi da fura da nono da tuwo mai man shanu, shi kuwa ba aikin fari ba na baƙi, daga tabarma sai gindin bishiya. Kumatu suka cika, tumbi ya fito. Ranar kasuwa ya hau sikelin masu sayen gyaɗa, allura ta tsaya daidai inda take tsayawa kafin ciwo, ya dawo gida baki har kunne. Matar ba ta taya shi murna ba, don ita ke ganin zariyar wandonsa da ƙyar take haɗuwa, kambun kuwa kullum sai ya zame ya sauko gwiwar hannu. Ta ce, "Maigida, nauyin ya dawo, amma ba inda ya tashi ya sauka ba." Ya ce mata sikeli ba ya ƙarya. Gaskiyarsa, ba ya ƙarya, sai dai abin da aka tambaye shi kaɗai yake faɗa.

Da rani ya tsananta rijiyar unguwa ta ƙafe, aka zo nemansa. Ya tura kambun sama, ya ɗaura tsohuwar igiyarsa, ya shiga. Sauka ba ta ba shi wahala ba, ai mai nauyi ba ya jin gangara. Ya yi ta cika guga da laka ana janyewa har ruwa ya tsattsafo. Da ya kama hanyar fitowa, yana cusa ƙafa a ramukan jikin bango yana jan jikinsa da hannu, bai kai rabi ba damatsansa suka fara rawa. Ya tsaya ya huta, hutun bai ƙara masa komai ba. Ya ɗaga kai, bakin rijiya ya yi ƙanƙanta kamar faifai. Tsoro ya shige shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Sai ramin da ya taka ya zube, yatsunsa suka saki, ya rataya a igiya. Mutum biyun da ke janye masa guga a sama suka ja, suka ji kamar buhun gero suke ja, don nauyin nan da ya yi alfahari da shi yana nan cif, ƙarfin da ke ɗaukarsa ne babu. Igiya na goga gungumen bakin rijiya, yana jin zarenta na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa ya saki ƙasa, kambun ya zame ya wuce gwiwa, ya wuce yatsu, can ya ji faɗawarsa cikin ruwa.

Sai da matan da suka zo ɗiban ruwa suka yar da tuluna suka kama igiyar, matarsa a gaba, sannan aka fito da shi. Da sauran kwanansa a gaba, ya rayu, amma kafaɗa ta goce, kuma daga ranar bai sake shiga rijiya ba.

Kafin ka yarda da sikeli, taɓa damtsenka, ka dubi zariyarka. Kama da wane ba ta wane.