Alƙalin da Ke Bayan Labule

Minti tara Noreen tana busa yufoniyam, ƙaton ƙahon nan nata na tagulla, ita kaɗai: gurnani, shaƙuwa, har da kukan jaki. Wata shida ta yi tana neman sabon kiɗa mai wuya wanda zai ciyo mana, mu 'yan ƙungiyarta ta mabusa, kofin gasar busa ta garin Ballarat, kafin ta samo wanda Farfesa Whitlock ya tsara.

"Wannan sai masu ilimi, ba irinku ba," haka take gaya mana kullum.

Ta sauke ƙahon, ta jiƙe sharkaf da gumi. Alƙalin gasa na bayan labule bisa al'ada, don kada ya ga mai busa.

Sai ga muryarsa: "Baiwar Allah, in kin gama gyaran muryar, fara mana."

Noreen ta fizge labulen a fusace.

Farfesa Whitlock ne.