Gaurakin Kashin Zama

"Jiga Birni za ka rubuta, na ce!" Usmanu ya daka wa ƙanensa Shafi'u tsawa. "In masu ƙidayar tsuntsaye suka san gaurakin nan a fadamarmu ta Kashin Zama suke, ƙwace ta za a yi."

"Yaya, ƙarya ce fa."

Mari ya rufe masa baki. Shekara biyu Shafi'u na tura wa masu ƙidayar hotunan gaurakin ta waya da sunan garin Jiga Birni.

Ranar da katafila ta afka cikin albasarsu, injiniyan sabuwar hanya ya buɗe musu taswira. "Da ta Jiga Birni hanyar za ta bi, aka ce akwai gauraki a can, sai aka karkato da ita. Nan kuwa babu ko ɗaya."

Shafi'u ya dubi Usmanu. "Yaya, in gaya mishi?"