Wanda Ya Kai Ƙarar Baba Akanta

Takardar ta iso ranar Talata, ko Laraba, cikin ambulan mai tambarin Ƙungiyar Ƙwararrun Akantoci. An kai ƙorafi a kansa. Kwamitin ladabtarwa na son ganinsa, kuma ya taho da hatiminsa.

Baba Akanta ya karanta ta sau uku a tsaye. Shekara arba'in da ɗaya yana duba littattafan kamfanoni, kuma duk inda ya buga hatimin nan, banki ba ya ƙara tambaya. In aka karɓe shi, me ya rage? Ofis mai ɗaki biyu, da fanka mai kuka, da gidan da ba mai jiransa a ciki tun rasuwar matarsa.

A ƙa'idar ƙungiya, ba a faɗin sunan mai ƙorafi. Sai ya zauna yana laluben maƙiya. Ya zargi tsohon abokin aikinsa da suka rabu ba daɗi. Ya zargi sakatariyarsa, wadda kwanan nan ta tsiri cewa, "Baba, ai jiya ka sa hannu a wannan." Ya sallame ta. Har 'yarsa mai kira daga nesa ya daina ɗaukar wayarta, don ta taɓa ce masa ya huta haka nan. Shayi ya riƙa hucewa a kan teburinsa, wani lokaci kofi biyu.

Ranar zama, mutum uku ya tarar a bayan dogon tebur. Shugabar kwamitin tsohuwar ɗalibarsa ce. Ta miƙe ta gaishe shi.

"Zauna, 'yar nan, yau ke ce alƙali," in ji shi. "Ramuwar jan biron da na ƙarar a kan aikinki za ki yi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta turo masa rahotanni uku masu hatiminsa. A biyu, alƙaluman bara ne a gurbin na bana. Na ukun ko sunan kamfanin bai gane ba.

"Sharri ne!" Ya bugi tebur. "Ba na miƙa komai sai na san munafukin."

'Yan kwamitin suka dubi juna.

"Malam, ƙa'ida ta hana," ta ce a hankali. "Amma mai ƙorafin da kansa ya ce a nuna maka in ka musa."

Ta miƙo takarda guda. Ya gyara tabarau ya karanta.

"Ina roƙonku ku karɓi hatimin mutumin nan kafin ya cuci waɗanda suka amince da shi. Mantuwa ta kama shi, kuma ba zai ji maganar na kusa ba. Zai musa, zai yi faɗa. Ku bi shi a sannu, ba shi da komai sai aikin nan."

Ya daɗe yana kallon ƙasan takardar. Sannan ya zaro hatimin daga aljihu, ya ajiye a gabanta.

Lambar rajistar mai ƙorafin da ke ƙasan takardar tasa ce, sa hannun ma nasa ne.