Yayar Da Ta Turo Ta Asibiti

Budurwar ta zabura daga bencin asibiti za ta sulale kafin a kira ta. Dattijuwar da ke gefenta ta cafke bakin mayafinta.

"Ina zuwa, 'yar nan? Layi ya kusa zuwa kanki."

"Mama, ɗan ƙullutu ne kawai a nonona, ko ciwo ba ya yi. Zan dawo wani satin."

Dattijuwar ta matso kusa da ita. Ta kamo hannun yarinyar ta ɗora a ƙirjinta na hagu, inda babu komai sai ƙashi da tabo.

"Nawa ma bai yi ciwo ba. Sankara ce, an cire tun kina rarrafe. Ga ni nan, jikoki sun hana ni sakat. Duk shekara nake zuwa likita ya duba ni, ya kore ni."

Budurwar ta koma ta ɗosana a bakin benci. "Wa ya sa kika zo da wuri?"

"Yayata. A jikinta na fara ganin abin."

"Ita ta yi ƙoƙari. Ni ko mahaifiyata kunya ta hana ni nuna wa."

"Ita ma bakinta bai taɓa faɗa ba." Dattijuwar ta ƙura wa bango ido, ƙamshin sabulun da ta yi wa yayarta wanka da shi ya dawo mata. "Ɗaki ɗaya muke kwana, kullum ta ce zazzaɓi ne. Ban gani ba sai da na kwance mata zane zan yi mata wankan gawa."

Nas ta leƙo daga ƙofa. "Saura wa?"

"Ni ce," in ji budurwar, ta miƙe.